Kamu Biyu Ƙasa

Azahar ɗin bazara a Kujama,
kwanon ɗakina ya zama kasko.
Na gudo gindin ɗorawa,
ashe kurege ya riga ni.

Ya yi laima da wutsiyarsa,
ya tsinci gyaɗa ɗaya kan marmara mai ƙuna,
sai rami.
Cindo mai haƙar rijiya ya ce
can yake shimfiɗa ciki a ƙasa mai sanyi,
ya sauke zafi kamar ɗan dako,
ya fito ya ɗauki wani.

Gafiyar bakin rafi ba ta wannan zirga-zirga.
Ta toshe ƙofa da danshin ƙasa,
ta wuni tana barci.
Ran da sanyi ya kwanta a fadama
ganye take ja, ta dunƙule,
hanci a cinya.

"Kamu biyu ƙasa," in ji Cindo,
"ba bazara, ba ɗari.
Ni ma in na sauka, sai an kira ni."

Na waiwayi rufin da na ci bashi dominsa.
Kuregen ya leƙo,
da ƙasa a gashin bakinsa.