Ƙirji Muka Kawo

Yayana Nomau shayi yake sayarwa
a bakin tashar Tawa, inda motocin albasa ke kwana.
Na farko ɗaci, na biyu daidai, na uku zuma,
kowanne sai ya kurɓa kafin ya miƙa.
Shekara goma sha tara yana kurɓa.

Mataunin hagu ne ya fara rami.
Ya cusa kanumfari, ya ci gaba da fifita gawayi.
Dasashi ya kumbura, yana barin ja a jikin burodi.
Ya ce, "Haƙori bai taɓa kai kowa kushewa ba."
Aka yi dariya. Har da ni.

Zazzaɓi ya zo tare da damina.
Muka ce sauro ne. Wa zai ce ba sauro ba?
Maganin jikka biyu ya ƙare, jiki bai huce ba.
Zufa na jiƙa tabarma da tsakar dare,
mazagi na ƙara tsawo a ƙugunsa,
'yar butar da yake ɗagawa sama har kumfa ta tsaya
ta koma masa tulu.

A lokotoro, likita ta ɗora abin saurare a ƙirjinsa,
ta daɗe, kamar mai jiran a amsa sallama.
Sai ta ce, "Buɗe bakinka."
Na ce, "Likita, ƙirji muka kawo."
Ba ta dube ni ba, ta haska fitila.
"Ta nan ɓarawon ya shiga.
Cuta ta bi rami ta faɗa jini,
jini kuwa, duk yawonsa, zuciya yake kwana.
Ta tarar da ƙyauren zuciyar da tsohon tabo,
ta yi sheƙa."

Taƙi biyu ne daga baki zuwa ƙirji.
Na auna da hannuna a baranda, ina kuka.

Mako shida allura na bin jijiya.
Muka sayar da tunkiyar Inna da ɗanta.
Ni na riƙe teburin,
direbobi na cewa kumfata ba ta tsayawa.

Ya dawo da giɓi, da buroshi a aljihu,
asuwaki a bayan kunne kamar alƙalamin tela.
Na ukun nan ya daina kurɓarsa.
Jiya wani yaron mota ya dafe kunci yana shan shayi da gefe guda.
Nomau ya ajiye buta,
ya ce, "Abarshi, matso nan.
Tun yaushe?"