Tanderu Mai Wanke Kansa

A shagon wani ɗan Yaman, titin Falasɗinu, Jidda,
Ukashatu ya tsayar da ni gaban tanderu mai ƙyalli.
"Inna, wannan da kansa yake wanka.
Ki rufe, ki danna,
maiƙo ya ƙone ya koma toka."

Na dubi hannuwana.
Shekara goma sha tara a gidan Sitti Nawal
ni ce mai wanke tanderu,
da soson ƙarfe, da lemun tsami, gwiwa a ƙasa.

Riyal dubu uku da ɗari biyu!
Wankan awa huɗu, wuta iya wuta,
a garin da bango ma ke gumi.
Wa zai biya lantarki? Wa zai sha ƙauri?
Kaza biyu muke gasawa a wata,
in albashi bai makara ba.

"Tokar fa, wa ke kwashewa?"
Mai shago ya murmusa: "Sai a sa tsumma."
Ashe da sauran aikina.

Muka ɗauki ƙarami, na ɗari bakwai.
A mota yaron ya riƙe yatsuna yana shafa kanta,
bai ce uffan ba har Hindawiyya.