Karatun Gaɓa

Kawu Sallau bai san baƙi a takarda ba,
amma yana karanta gaɓa.
Kullum kafin diga ta taɓa ƙasa
sai ya sauka ramin da ke yamma da Sara,
ya kara kunne a jikin bango
kamar mai sauraron cikin saniya.

Ya ce da ni: Matso, Ilu.
Ƙasa shimfiɗa ce a kan shimfiɗa.
Ta sama baƙa, rabon gero da gyaɗa.
Ta ƙarƙashinta ja, mai taurin kai, ita tifa ke nema.
Sai wannan farin yashi, bai kai faɗin tafi ba,
da ya ratsa tsakani kamar zare a bakin zane.
Shi ne munafukin.
Da rani barci yake.
In ya sha ruwan kwana uku,
duk abin da ke kansa zaman aro yake.

Marka ta yi kwana huɗu ba ta ɗaga ba.
Ran Talata rana ta fito tarwai,
irin fitowar da ke ruɗin mai shanya.
Tifa biyu suka iso daga Dutse,
direba na kaɗa makulli a yatsa,
ya ce ya ƙara dubu a kan kowane lodi.

Kawu ya zaga ta sama.
Ga tsaga, siririya kamar gashi,
ta bi ta bayan tushen kalgo.
Ya zura kara, kara ya nutse har rabi.
Tururuwa na ƙaura da ƙwai a baka.
Can ƙasa tsakuwa na faɗowa ɗai-ɗai,
ba iska, ba ƙafar kowa.
Ya ce: Yau ba a shiga.

Barau na da suna ran Asabar,
ragon kuwa yana hannun mai shi.
Ya ce: Tsoho, inuwarka ma tsoro take ba ka.
Kawu bai tanka ba.
Ya tattara shebur bakwai wuri guda
ya zauna a kai
har tifofin suka juya wayam.

Gaɓa ba ta faɗi ba.
Laraba ma tana tsaye, ja-wur, ko gezau.
Alhamis Barau ya wuce mu a majalisa
bai yi sallama ba.
Ni ma na soma jin kunyar kawuna,
na riƙa bi ta bayan layi.

Ran Juma'a, liman na tsakiyar huɗuba,
muka ji ta a ƙafafunmu kafin kunne,
wani gurnani mai nauyi, gajere.
Tattabarun soron masallaci suka watse.

Da muka je, kalgon ya sauko ƙasa
a tsaye, da ganyensa,
kamar wanda aka canza wa mazauni.
Inda muke ajiye buta da rigunanmu
ya zama tudu.
Baron Barau na ciki,
hannu ɗaya kawai ya leƙo.

Ba wanda ya ce wa Kawu sannu.
Shi ma bai dubi kowa ba.
Ya tsuguna, ya ɗebi farin yashin a tafi,
ya matse, ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsu,
ya goge a gefen wando.

An yi suna da bunsuru, na bashi.
Da yamma wani yaro ya kawo ƙafa ɗaya a kwano,
ya ajiye a zauren Kawu,
bai faɗi daga ina ba.