Gonar da ke Bisa Kaina

Bikin Ladidi ne ya kai ni birnin Kano,
Na ga kan 'yan mata na sheƙi kamar sabon kwano,
Na sayar da zakarana, na haɗa da ribar fura da nono,
Na sayo man miƙar da gashi.

Na dawo Taura na shafa a ɓoye, ban tambayi kowa ba,
Minti nawa ake barinsa? Mai kanti bai faɗa ba,
Har tuwon dare ya nuna ban wanke ba,
Kaina ya koma murhu mai garwashi.

Ya soma bin mataji tun kafin kwana bakwai,
Dunƙule-dunƙule, a tabarma, a matashin kai,
Goshi ya ja da baya, ƙeya ta washe sarai,
Da kallabi nake kwana don haushi.

Gwaggo Tabawa ce ta fizge shi ran wata Laraba,
Ta daɗe tana dubawa, ba ta ce uffan ba,
Can ta tofar da goro: "Wa ya sa wa gona wuta, ba a girbe ba?
Zauna nan. Bar nishi."

Ta sa almakashi ta datse duk abin da ya mutu,
Ina kuka tana cewa, "Yi shiru, Hansatu,
Ƙasar da ta gaji ba ta roƙon komai sai hutu,
Saiwa na nan, zai tashi."

Ta jiƙa karkashi a ƙwarya har ya yi yauƙi,
Shi ne sabulunmu, ba kumfa, ba sheƙi,
Da yatsu take warwarewa, daga baki zuwa tushe, da sauƙi,
"Mataji ba ya shiga sai da danshi."

Man kaɗanya daga Gujungu, man shanu daga rugar Fulani,
Ta narka su da kanumfari a ɗan gwangwani,
Tsaga-tsaga take bi, kamar mai ban ruwa a lambun rani,
Har kaushi ya juye ya zama laushi.

Kitsonta manya ne, shida ko takwas, babu ja,
"Kitson da ya hana ki dariya ba shi da daraja,
Wadda ta ɗame miki goshi har ido ya yi ja,
Sanƙo take ba ki bashi."

Ta ce in ci wake, in ci zogale, in yawaita ruwa,
"Abin da ke tsirowa a ka daga tukunya yake zuwa,
Shi ma yana son ƙoshi."

Wata uku ina leƙen madubi, ban ga komai ba,
Ta kife shi: "Mai tonon gyaɗa kullum don ya duba,
Ran girbi zai kwashi rashi."

Aka yanke gero, aka shuka, aka sake wata kaka,
Yakan takure ya koma taƙi guda bayan wanka,
Amma ja shi ki gani: ya wuce wuya, ya isa a yi doka,
Baƙi wuluk, mai cika hannu, mai taurin kai,
Nawa ne, da nasa ƙamshi.

Bana yatsun Gwaggo Tabawa sun ƙage,
Tsinkenta na kitso na nan soke a shinge,
Ta ce sanyi ne ya shiga ƙashi.

Jiya na je da ƙwaryata, la'asar sakaliya,
Na zare mata kallabi, na tsaga daga tsakiya,
Furfura tas, 'yar kaɗan, taushi kamar ƙirjin kurciya,
Ta ce, "Kin ja ni." Na sassauta, ta yi dariya,
Barci ya kwashe ta a gwiwata, ina jin numfashi.

Saura biyu in gama, amma ban motsa ba,
'Yata Yalwa ta matso da gwangwanin, ban ce ta kawo ba,
Ta tsugunna tana bin yatsuna, ko ƙiftawa ba ta yi ba,
Na ce, "Sa hannu nan. A hankali.
Ba a yi masa faɗa, sai lallashi."