Gata

Kalma ce ƙarama, gaɓa biyu,
ko baki ba ta cikawa,
amma ta cika ofishin nan na Filato
har ta turo mu waje, cikin rana,
kowa na fifita da takardunsa.

A lakwal, mushe ya jera mana ita a allo:
yau, gobe, jibi, gata, citta.
Na haddace. Ni ne na ɗaya a ajin.
Asumana, mai leƙen lissafina,
na goma sha bakwai.

Ɗazu ya wuce mu ta ƙaramar ƙofa,
mai gadi har da sara masa.
Bai yi layi ba, kawunsa ya buga waya tun dare.
Ya ɗago mini hannu, da fara'a kuwa,
ba mugu ba ne,
uwarsa ce a gindin murhu,
bai ma san ana cin tuwo gaya ba.

Da layi ya zo kaina
mai taga bai ɗaga ido ba:
"Ka dawo gata."
To, ga nawa rabon.
Harufa ɗaya, murya ce ta bambanta:
tasa tana buɗe ƙofa,
tawa tana ƙara kwana uku.

Na taka har Bukoki, kuɗin taksi ya zama na hoto.
A bakin gida na tarar da Alzuma ga-ruwa
yana sauke jarka ta takwas,
wuyansa duk jijiya.
Ya dubi bironi a aljihuna ya yi dariya:
"Ku 'yan gata, masu boko,
ko rana ta duke ku, a kan takarda ne."
Na buɗe baki in musa,
sai na ga tafin ƙafarsa.

Ashe tsani ce.
Kowa na kallon dugadugan na sama,
ya manta da kan da yake takawa.

Ranar da Baba ya cika
Inna Tsahara ta ce da maƙwabta,
"Ku zo ku yi masa gata."
Ruwa, farin ƙyalle, kafaɗu huɗu.
Wannan kam ba a buga wa kowa waya.

Na ba Alzuma dala ashirin ɗinsa,
na kama masa kunnen jarka har tsakar gida.
Takarduna na ƙarƙashin matashi.
Gobe, jibi.
Ina ƙirgawa.