Rabin Bursi

A shekarar da rijiyoyin Birni suka ƙafe har laka,
Mushe ya rubuta mana a allon bango:
famfo na zuba lita goma sha biyu a minti,
tanki mai cin ɗari tara na yoyon uku.
Yaushe zai cika?

Mu arba'in da ɗaya ne a ajin,
ba wanda ya taɓa murɗa kan famfo.
Kiyari ya ɗaga hannu, ya ce da Hausa tsantsa,
"A fara toshe yoyon mana."
Ranar ya wuni da ƙashin jaki rataye a wuya,
ladan wanda ya yi harshen uwarsa a lakwal.

Mun haddace kogunan Faransa,
inda suka taso, inda suka faɗa teku.
Da la'asar mu bi jakin Malam Ilu zuwa tabki,
mu dawo da ruwa mai kalar kunun tsamiya.

Sakamako ya zo daga Yamai, ta wayar ƙarfe.
Mutum huɗu a duk Damagaram.
Uku cikakke.
Ni, Lawali ɗan baduku, rabi.

Rabin bursi, in ji takarda:
gado da tuwo na gwamna ne,
naku wandon kaki biyu, bargo, cokali,
takalmi mai igiya,
da dala tamanin duk wata uku.

Na karanta wa Baba a rumfa.
Bai ajiye basilla ba.
Ya ce, "Rabin da suka ba ka, daga ina?"
Na ce daga asusun gwamna.
"Shi kuma asusun?"
Na yi shiru.
Ya miƙa hannu bayan jar fata,
ya jawo ƙunshin takardun lanho,
na shekara goma sha ɗaya, an ɗaure da tsirkiya,
ya shimfiɗa su kamar mai shanyar kuɓewa.
"To, ashe duka biyun ni ne.
Je ka gode musu."

Daminar nan ya ɗinka wa matan soja jakunkuna
har idonsa ya soma ganin zare biyu.
Gwaggo Balki ta sauke tasoshinta bakwai daga jere,
ta ce ai ƙura kawai suke sha.
Ba ta sake duban bangon ba.

Kiyari ya fi ni lissafi, kowa ya sani.
Likita ya buɗe masa baki, ya ƙirga haƙora,
ya rubuta cewa shekarunsa sun zarce.
Shi ya ɗaukar mini akwati zuwa tashar Zango,
ya ce in na ga kogi in gaishe shi.

Na gan shi.
Ya fi na littafi faɗi,
kuma ba a taɓa tambayarmu sunansa a jarrabawa ba.

Shekara huɗu ina cin rabin tuwon gwamna
da rabin idon Baba.
Aka koya mini jera lamba, ja layi da jar tawada,
rubutu mai kwanciya dama.
Na dawo akawu.
Ka san inda aka zaunar da ni?
Teburin lanho.
Takardar Baba ta goma sha shida,
da hannuna na rubuta ta.
Ya duba, ya ce rubutun ya yi kyau.

Yanzu akwai famfo a tsakar gidana.
Yakan yi tari cikin dare, ya yi ajiyar zuciya,
wani lokaci ya zubo.
Nakan zauna da bokiti ina ƙirga.
Minti ɗari ne amsar, ita ta kai ni Yamai.
Jiya na ƙirga ɗari uku, tanki bai kai rabi ba.

Da safe na aika a kira Kiyari.
Ya zo da dalma da gawayi, ba haƙori ko ɗaya,
ya zagaya tankin, ya shafa gindinsa,
ya nuna mini yatsa a jiƙe.