Zare Takwas

Taku arba'in da bakwai na auna da ƙafata,
daga shagon buga takardu na Tajussir
har ɗakin Goggo Tasalla a ƙuryar gida.
Na bi kan katanga, na kewaye darbejiya,
na ɗaure da tsumma inda ƙusa ta ƙi shiga.
Gadarif na tafasa, buhunan riɗi na gumi a rumfa.
Na cusa kan waya a kwamfuta, na ja da baya.
'Yar fitilar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Na zare, na hura, na mayar.
Na kashe akwatin intanet, na ƙirga goma, na kunna.
Na zagi ɓera, na bi wayar taku-taku ina shafa,
ban ga inda haƙori ya taɓa ba.

Kan da ke shago Tajussir ne ya matse shi,
ya ce hannunsa shekara tara bai yi kuskure ba.
Saura nawa ke nan.
Na datse, na feɗe riga, na warware tufka,
zare takwas suka baje kamar gashin yarinya ranar kitso.
Na jera, na daidaita baki, na matse har filaya ta yi ƙara.
Kai na farko ya tafi kwandon shara.
Na biyu ya bi shi, na uku ya bi na biyu.
Kowanne da kuɗi na saya,
kuma mai shagon bakin tasha bai san bashi ba.

La'asar na aro na'urar gwaji.
Ɗaya ta haska, biyu ta haska,
sai bakwai ta yi tsalle ta shige gaban uku,
takwas ta zauna a kujerar shida.
Na duba takardar da na kwafo jerin launi,
na duba wayar, na sake duba takarda.
Wallahi ni ban ga bambanci ba.

Goggo na kan tabarma da jabana a gefe,
hula a gwiwa, allura a baki.
Tun safe ba ta ce uffan ba,
wata huɗu ke nan ba ta ga fuskar Zubairu ba
sai murya mai yankewa daga Riyad.
Ta cire allura ta ce, miƙo nan in gani.
Karanta mini, kai ka yi boko.

Fari mai ratsin lemo, sai lemo.
Ta ɗauko, ta kwantar.
Fari mai ratsin kore.
Na miƙa mata, ta dube ni ta saman tabarau.
Ta ce, wannan ruwan ƙasa ne, ɗan nan.
Na ce kore ne.
Ta zaro zare biyu daga kwandon ɗinki ta ɗora a tafina,
ta ce wanne ne ganye, wanne ne tukunya?
Na daɗe ina kallo. Ban iya amsawa ba.

Da farcen babban yatsa ta jera su,
yadda take jera zare a bakin hula,
ni dai matsewa kawai na yi.
Ɗaya, biyu, uku, har takwas,
kowace ta haska a layinta, babu mai tsere.
Fitilar kwamfuta ta fara ƙyafta ido.

Ta gyara mayafi ta zauna gaban gilashi.
Kira na shiga, Riyad na ringi.
Ni kuwa ina tsugune ina tsince guntayen waya,
na tuna dukan da na sha ina ɗan shekara takwas,
ranar da aka aike ni kasuwa sayen tumatir nunanne
na dawo da ɗanye cike da kwano,
ina kuka ina rantsuwa ban yi wasa a hanya ba.